Littafin Da Baba Ya Rubuta Wa Safiya

Ranar Laraba mai zuwa shekara bakwai ke nan cif da rasuwar mahaifina, Malam Isa, wanda abokan aikinsa a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington suke kira Injiniya. Masu sauraro ba su san shi ba, domin ba a taɓa jin muryarsa a akwatin rediyo ba. Shi ne mutumin da ke zaune a bayan gilashi, hannunsa a kan maɓallai, yana ɗaga wa mai karanta labarai yatsa idan lokacin farawa ya yi. Kowace shekara nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin na san idan na rubuta gaskiya ba za ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. Bana ba ni da sauran uzuri. Abin da zan faɗa ya shafi wani littafi da ya bari, da ƙanwata Safiya wadda ya rubuta wa shi, da ni da na ɓoye shi.

Ina ɗan shekara huɗu iyayena suka taho Amurka, suka bar ni a Zariya wurin kakata, da nufin a ɗauko ni bayan shekara guda. Takardu suka ƙi fitowa, shekara guda ta zama tara. Da na iso gidanmu na Fort Washington ina da shekara goma sha uku, sai na tarar da wata yarinya 'yar shekara takwas a bakin ƙofa. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta ce, “Sannu da zuwa, Yaya,” sannan ta miƙe ta ci gaba da Turanci. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan. Ni kuwa dukiya ɗaya na zo da ita, wato Hausar kakata, wadda ba ta gauraya da komai ba. Baba ya ga darajarta. A wurin cin abinci yakan kawo mini kalmar da ma'aikatan sashensu suka wuni suna gardama a kanta, in faɗi yadda na ji tsofaffi suna amfani da ita, ya gyaɗa kai, washegari ya kai musu. Na ɗauka na sami ubana gaba ɗaya. Sai Lahadi ta zo.

Kowace Lahadi bayan azahar, Baba yakan sauka ɗakin ƙasa, Safiya na biye da shi. A can akwai wani tsohon piyano da mai gidan na farko ya bari, saboda an rasa yadda za a haura da shi ta matakala. Akwai kuma kanta ɗaya doguwa cike da faifan garmaho, waɗanda ya fara tarawa tun lokacin da wani dattijo baƙar fata, abokin aikinsa, ya ara masa guda biyu. A jere suke daga hagu zuwa dama bisa tsarin shekaru. A farkon hagu akwai masu tsara kiɗa na farkon ƙarnin da ya gabata, Amurkawan da suka gaji da bin ƙa'idar Turai, suka riƙa ɗora kiɗa biyu masu saɓani a lokaci guda, ko su danne maɓallan piyano da dukan tafin hannu. Bayansu sai waɗanda suka cusa kusoshi da guntayen roba tsakanin wayoyin cikin piyano har muryarsa ta koma ta ƙarafa. A can dama kuma sai makaɗan jaz, musamman waɗanda suka ajiye takarda, suka ajiye ma bugun da aka saba haɗuwa a kansa, kowa yana ƙirƙirar nasa nan take yana sauraron ɗan'uwansa. Na hagu yawancinsu a manyan zaurukan kiɗa aka san su, na dama a ƙananan ɗakuna masu hayaƙi. Baba yakan ce dangi ɗaya ne ko da ba sa gaisawa, domin tambaya ɗaya suke yi: wa ya ce iyakar kiɗa ke nan?

Ba ya ɗora faifai sai an yi abin da ya kawo daga wurin aiki. A sana'arsu, idan an gama naɗar hira, injiniya yakan ce kowa ya yi tsit na minti ɗaya, ya naɗi ɗakin shi kaɗai. Dalili kuwa, babu ɗakin da yake shiru da gaske. Akwai kukan na'urar sanyaya wuri, da gunjin motoci daga nesa, da numfashin mutane. Idan aka yanke wani wuri a cikin hirar, da wannan sautin ake cike gurbin don kada kunne ya gane ɗinkin. To, haka yake sa mu zauna, minti ɗaya cur, muna sauraron tukunyar ɗumama gida da takun Umma a samanmu. Yakan ce wanda bai ji ɗakin ba, ba zai ji abin da aka ƙara a cikinsa ba.

Sau uku na zauna da su. Ni na tashi ne a inda kiɗa yake magana. Kalangu yana kiran sunan mutum, yana faɗin takensa, wanda ya san gari ya san abin da aka ce. Saboda haka da aka ɗora wani faifai na mai busa saksofon, ya yi ta ihu da kuka na kusan sulusin sa'a, sai na yi tambayar da ta zame mini dole. Na ce, “Baba, me yake cewa?” Ya ce, “Malam ƙarami, wannan ba ya neman tafinta.” Ba da zafi ya faɗa ba. Abin da ya yi mini zafi ya zo bayan haka kaɗan. Mai ganga ya yi wani abu, mai busa ya mayar masa, sai Baba da Safiya suka fashe da dariya a lokaci guda, ba wanda ya dubi wani. Na dubi fuskarsa, na dubi tata, na sake kasa kunne. Ban ji komai ba sai hayaniya. An yi raha a gabana, cikin harshen da ban iya ba, tsakanin ubana da yarinyar da ko kwanakin mako ba ta iya jerawa da Hausa.

Daga ranar na daina sauka. Nakan zauna a kicin da littafina, Umma tana aiki, ƙarar tana tasowa ta ramin iskar da ke ƙasan bango. Umma takan ce, “To, maƙera sun buɗe rumfa.” Nakan yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta, don in sami abokiyar ra'ayi. Amma kunnena yana kan ramin nan. Ba kiɗan nake sauraro ba, dariyar nake jira, kuma duk Lahadi sai ta zo.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya sani. Ni ɗan fari ne, kuma Baba ya riƙe kunyar ɗan fari yadda aka riƙe ta a gidansu. Bai taɓa kiran sunana ba. Malam ƙarami nake, ko “kai”. A wurin aiki ma, an gaya mini, cewa yake yi, “Yaron gidanmu ya ce kaza.” Bai taɓa dafa kafaɗata a gaban mutane ba, ranar da na gama sakandare kuwa albarka ya sa mini yana duban wani wuri. Na san wannan al'ada, na tashi a cikinta, ina ma ganin kyanta. Amma Safiya ba 'yar fari ba ce, kuma a nan aka haife ta. Yakan kira sunanta daga ƙasan matakala da ƙarfi, yakan ɗora hannunsa a kan nata a bisa maɓallai, yakan rungume ta a filin makaranta kamar yadda sauran iyaye suke yi. Da ni ya bi ƙa'idar gida dalla-dalla, kamar yana girmama Hausar da na zo da ita. Da ita kuwa ya saki jiki. Na daɗe ina auna sunan da ya dace da abin da nake ji. Na gaya wa kaina kishi ne kawai, irin na mai son a so shi, ba hassada ba, domin mai hassada so yake a raba ɗan'uwansa da ni'imar da aka yi masa. Abin da na aikata daga baya ya nuna cewa na yi wa kaina sassauci a wannan hukunci.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, cikin kwana huɗu, ina da shekara goma sha tara, Safiya tana da goma sha huɗu. Aka yi masa sutura a maƙabartar Musulmi a nan Maryland. Bayan addu'ar uku dattawa suka zauna a kan kayansa. Babban amininsa, Kawu Habu, mutumin Maraɗi, wanda suka shekara goma sha biyar suna aiki tare, shi ya jagoranci zaman. Aka ware tufafi don sadaka. Faifai ba wanda ya ɗauke su a bakin kaya, aka bar su a inda suke, suka zama na Safiya ba tare da an ce komai ba. Takardu kuwa, bisa al'ada, babban ɗa ake danƙa wa. Kawu Habu ya ɗauko kwalin da aka kwaso daga ofis, ya ajiye a gabana, ya ce amana ce.

A cikin kwalin, ƙarƙashin tsofaffin fasfo da wasiƙun kakata, na tarar da wani littafin rubutu mai baƙin bango. A shafin farko an rubuta: “Na Safiya. A ba ta idan hannunta ya yi ƙwari.” Sauran shafukan, arba'in da uku, kiɗa ne, amma ba da alamomin da makaɗa ke karantawa ba. Baba bai taɓa koyon waɗannan ba. A cikin masu kiɗan da yake so akwai waɗanda suke rubuta umarni da kalmomi kawai, su bar makaɗi ya cika sauran, shi ma haka ya yi, da Hausa. Ga ɗaya: “Ki danna maɓalli ɗaya, na can ƙasa. Kada ki ɗaga yatsa sai sautin ya mutu da kansa. Idan kin tabbata ya mutu, ki ƙara jira, domin da sauransa.” Ga wani: “Ki buɗe taga. Duk abin da ya shigo, jirgin sama ne ko kare ko motar shara, shi ne mai waƙa, ke ce 'yar amshi.” Wani kuma layi ɗaya ne tak: “Ki kaɗa abin da kika fi iyawa, amma ki bar hannun hagu ya yi miki gardama.”

Na karanta shi duka a zama ɗaya, kuma ba kiɗan nake bi ba, sunana nake nema. Ko Malam ƙarami ma da na gani da ya ishe ni. Babu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kyawun Hausar. Ban taɓa sanin Baba yana rubutu haka ba. Ni da muke zaman kalmomi da shi shekara shida, tambayoyin ofis kawai na samu. Mafi kyawun jimlolinsa ya tanadar wa wadda ba za ta iya karanta su ba.

Na mayar da littafin ƙasan kwali. Hujja kuwa Baba da kansa ya ba ni: sai hannunta ya yi ƙwari. Yarinya ce 'yar goma sha huɗu, wa zai ce hannunta ya yi ƙwari? Ranar addu'ar arba'in ta same ni a matakala ta tambaye ni ko Baba ya bar wani rubutu. Na ce takardun aiki ne. Ta ce to. A gidanmu ba a bincikar maganar yaya. Ta cika sha shida, na ce sai ta gama sakandare. Ta shiga makarantar koyon kiɗa, na ce sai ta nutsu. Da na kama ɗakina a Takoma Park, na tafi da kwalin.

A shekarun nan nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga yadda sana'arsa ta koma. Yanzu ɗan jarida yana naɗar rahoto a wayarsa daga ɗakin kwanansa, ya danna wuri ɗaya, manhaja ta share duk wani sauti da ba muryarsa ba. Murya takan fito tsaf, kamar ba a cikin duniya aka yi maganar ba. Ina jin da Baba ya saurara zai tambaya, ina ɗakin? A jirgin ƙasa na cikin gari kowa kunnensa a toshe yake, kowa da kiɗansa, har akwai kiɗan da na'ura ce ta tsara shi daga farko zuwa ƙarshe, ba kuskure ko ɗaya. Ba na zaton zai yi fushi da wannan, domin mutanen da ke kan kantarsa sun sha yin wasa da na'urori. Zai dai saurara har ƙarshe, ya ce bai ji inda wani ya tsorata ba. Shi abin da yake so a kiɗan nan take shi ne jin mutum ya taka inda bai san ko akwai ƙasa ba.

Abin da zai ce game da Safiya ba ya bukatar dogon tunani. Ta zama makaɗiyar piyano ta gaske. Takan yi wasa da wasu matasa uku a ƙananan wurare a cikin gari, ba takarda a gabansu. A tarukan suna a Mitchellville mata sukan tambayi Umma yaushe yarinyar za ta fara karatun gaske, Umma takan ce su tambayi ubanta. Da yana nan da ya zauna a layin gaba ya kira sunanta. Abin da zai ce game da ni shi ne nake kauce wa. Na yi digiri na biyu a nazarin harshe, ina aikin tafinta a asibitoci da kotuna, inda nake rantsuwa cewa zan isar da maganar mutum ga wanda aka yi wa ita ba ragi ba ƙari. Sau da yawa ina wannan rantsuwa littafin yana faɗo mini a rai.

Zan so in ce ni na farka da kaina na kai mata. Ba haka aka yi ba, kama ni aka yi. Wata biyu da suka wuce Kawu Habu ya zo gaishe da Umma, muna nan dukanmu. Safiya tana ba shi labarin wasan da za ta yi na kammala karatu, a wani ƙaramin zaure a Takoma Park, ta ce ta sa shi ya dace da makon rasuwar Baba. Da Turanci take magana, shi yana amsa mata da Hausarsu ta Maraɗi. Ta ce abin da ke damunta shi ne duk abin da ta gada na wasu ne, faifan wasu, kiɗan wasu, ba ta da ko layi ɗaya da Baba ya yi da kansa.

Kawu Habu ya ajiye kofin shayi. “Bon, ɗiyata, mi kike hwaɗi haka? Ina kayen nan nashi?” Bon a bakin mutanen Nijar “to” ce, kaye kuwa littafin rubutu ne. “Mai baƙin bango. Kullum tsakanin shiri da shiri yana duƙe bisanshi. Na ce mishi, Injiniya, labarun duniya na jira, kai kana rubuta ma ɗiya wasiƙa? Ya ce in bar shi, kiɗi ne. Na ce in dai irin kiɗinka ne, na mota mai shirin mutuwa, ai ba ya son takarda.” Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya juyo. “Bashir, ba cikin kwalin da na ba ka yake ba?”

Da na ce ban gani ba, da ya yarda. Amma ya kira sunana, kuma na ga Umma ta daina motsi. Na ce yana nan.

Washegari da la'asar na kai shi ɗakin ƙasa. Safiya tana zaune a gaban piyano, ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe shafin farko, ta gane sunanta, sauran rubutun ya gagare ta. Ta miƙo mini ta ce in karanta. Na karanta. Ta ce in sake. Duk abin da ta faɗa bayan haka da Turanci ta faɗa, ni nake mayar da shi, kuma na yi ƙoƙarin kada in rage masa kaifi.

“Yaushe ka ga hannuna zai yi ƙwari, Yaya? Ranar da na yi jika?”

Na fara bayanin Lahadi, da dariyar, da yadda bai taɓa kiran sunana ba. Ta katse ni.

“Kai ne za ka gaya mini yadda ake zama a gefe? Shekara shida ina zaune a teburin nan na sama kamar baƙuwa, ku biyu kuna ta kalma kaza ta fi kalma kaza, ya dube ka kamar wani limami. In na buɗe baki na yi Hausa, ka gyara mini. Rana ɗaya nake da ita a mako. Rana ɗaya. Ita ma ka bi ta ka ɗauke abin da ya rage.”

Ban taɓa ganin teburin daga kujerarta ba. Ba zan yi ƙarya in ce jin haka ya kashe kishina nan take ba. Wani ɓangare na zuciyata ma daɗi ya ji, cewa ashe akwai abin da nake da shi da ta so. Na rubuta wannan ne don in an tashi auna ni a auna da shi.

Umma ta yi ƙoƙarin gyara daga baya. Ita ma ba ta kiran sunana. Ta ce, “Kai da ka fi kowa sanin al'ada, ta ina zai rubuta sunan ɗan fari a takarda? Ai rashin rubutawar ita ce shaidar.” Na san gaskiya ta faɗa. Da wani ne ya kawo mini wannan ƙorafi, da abin da zan gaya masa ke nan, har in ƙara masa da misalai. Amma sanin dalilin abu ba ya cike wurin da abin ya bari. Kunya ƙauna ce da ake nunawa ta hanyar janyewa, kuma tana aiki ne a inda kowa yake janyewa iri ɗaya. A gidan da aka janye wa ɗaya aka rungumi ɗaya, ɗan fari yakan ga rungumar kawai. Ban ce Baba ya yi kuskure ba. Ya ba kowannenmu abin da ya ɗauka shi ne yarensa. Kuskuren da na tabbatar nawa ne.

Safiya ta yanke shawarar gina wasan nata a kan littafin: a karanta shafi a bayyane da Hausa, ita kuma ta kaɗa. Mai karatu ake bukata. Duk garin nan babu wanda ya fi ni sanin hannun Baba, kuma karatu a gaban jama'a aikina ne. Ta zaɓi Kawu Habu. Ba ta gaya mini ba ma, a bakin Umma na ji. Ga shi yanzu ina kishin dattijo mai shekara saba'in, wanda zai karanta jimlolin Bazazzagi da harshen Maraɗi, wanda kuma har gobe yake cewa kiɗan na mota mai shirin mutuwa ne. Na san hakkinta ne. Sanin hakan bai hana ni jin zafi ba.

Shekaranjiya da hantsi, ina tsakanin asibiti da asibiti, wayata ta yi ƙara. Rabon da ta kira ni tun ranar ɗakin ƙasa. Suna gwaji ne a zauren. Ba sallama mai tsawo, ta ce shafi na talatin da ɗaya tawada ta dushe, kamar ruwa ya taɓa ɗiga a kai, Kawu Habu ya kasa fitar da layi biyu na tsakiya. Za ta ɗauki hoto ta turo mini in gwada.

Na ce ba sai ta turo ba. Na ce, “Ki fara kamar mai sallama a gidan da ba ta san kowa ba. Idan ba a amsa ba, ki sake, amma ƙasa da na farko. Kada ki shiga sai an ce ki shigo, ko da kiɗan zai ƙare a bakin ƙofa.”

Na ji tana maimaita wa Kawu Habu, na ji ya ce, “Walla shi ne, ga ƙofar nan ta hito.” Sannan ta dawo kaina.

“Wannan shafin ka haddace?”

“Duka na haddace.”

“Duka arba'in da ukun?”

“Har da na farko.”

Ban shirya haddacewa ba. Shekara bakwai ina buɗe shi, wani lokaci don in ji haushi, wani lokaci don in ji yadda Baba yake magana idan bai ɗaure kansa ba, har ya zauna a kaina. Sai ta yi magana, da Hausa wannan karon, kuma ban sami abin gyarawa ba. Ta ce, “Kai wawa ne, Yaya.” Ta ce wasan ranar Asabar ƙarfe uku ne, kada in makara, ta kashe.

Idan na auna abin da ya saura na Malam Isa bayan shekara bakwai, kaɗan ne a ido. Shirye-shiryen da ya naɗa an watsa su sun wuce. Abokan aikinsa sun warwatsu, wasu sun koma gida, wasu sun bi shi. Abin da ya rage yana hannun yarinyar da ya koya wa sauraro, da kuma wurin ɗan da ya koya wa nauyin kalma, ya ji kunyar kiran sunansa har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa ya ji a can abin da kunnensa ya yi ta nema a nan, ya kuma yafe mini amanar da na riƙe fiye da lokacinta. Safiya ba ta ce ta yafe ba, ban kuma cancanci in gaggauta ta ba. Ranar Asabar zan je in zauna inda aka nuna mini. Ban sani ba ko zan ji kiɗan, kuma na tabbata idan Kawu Habu ya buɗe baki kishin zai motsa. Littafin dai ya koma hannun mai shi. Wanda ke kaina kuwa, ba ta ce in mayar ba.